Marin da Amrita Ta Sha

Ƙannena maza da mata, akwai wani fim ɗin Indiya da nake so ku nema ku kalla, kuma tun yanzu ina gaya muku zai gwada haƙurinku. Babu bos a cikinsa, babu jarumin da zai tarwatsa ƙarti ashirin shi kaɗai, babu rawa a kan dutsen ƙanƙara. Sunansa Thappad, wato mari. Anubhav Sinha ne ya ba da umarni, shi da Mrunmayee Lagoo suka rubuta labarin, aka sake shi ranar 28 ga Fabrairun 2020, 'yan makonni kafin annobar korona ta sa a rufe gidajen silima a Indiya. A bikin Filmfare na 2021 shi ya ɗauki kyautar fim mafi kyau, Taapsee Pannu kuma ta ɗauki ta jaruma. Tsawonsa ya haura awa biyu, amma babban abin da ya faru a ciki bai wuce ƙiftawar ido ba: miji ya mari matarsa sau ɗaya a gaban baƙi. Sauran fim ɗin duk kallon fuskokin mutane ne, kafin marin da kuma bayansa.

Amrita, wadda Taapsee Pannu ta fito a matsayinta, matar aure ce a birnin Delhi. Mijinta Vikram, wanda Pavail Gulati ya fito a matsayinsa, ma'aikacin wani babban kamfani ne, ba shi da buri sai a tura shi reshen Landan. Da asuba agogo zai buga, Amrita ta tashi, ta ɗauko madara da jarida a bakin ƙofa, ta haɗa shayi ta sha a baranda, ɗan wannan lokacin ne kaɗai nata a duk yinin. Sai ta auna wa uwar mijinta suga, ta tashi maigida, ta shirya masa karin kumallo, ta bi shi har bakin mota da walat da takardu da abinci, shi kuwa hankalinsa na kan waya. Daraktan ya nuna wannan safiya, ya sake nunawa, ya kuma sakewa. Na san a nan ne yawancinku za su kai yatsa su tura fim ɗin gaba. Kada ku tura. Labarin a nan yake, domin a wannan maimaici ne za ku fara ganin abin da Amrita kanta ba ta gani ba tukuna: gidan nan baki ɗaya yana juyawa ne a kan mutum ɗaya, kuma mutumin bai ma san ana juyawa dominsa ba.

Vikram ba mugu ba ne irin na finafinai. Ba ya zuwa gida a buge kullum, ba ya neman mata, ba ya hana cefane, yana dariya da matarsa, yana ƙaunar mahaifiyarsa. Da a unguwarmu yake, da an ce yarinyar nan ta yi dace. Sai mai lura ne zai tsinci ƙananan abubuwa. Amrita ta ce tana so ta koyi tuƙin mota, ya ce ta fara koyon gasa gurasarsu ta paratha tukuna. Ya hangi maƙwabciyarsu Shivani, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, ta yi sabuwar mota, sai ya tambaya cikin shaguɓe wai me take yi ne haka. Amrita ta ce aiki take yi tuƙuru. Kowace magana cikin waɗannan ana iya cewa wasa ne. Amma gara haka take cin azara, ba a jin motsinta, sai ranar da aka yi ruwa rufin ya rufto kowa ya ɗora wa ruwan laifi.

Ranar ta zo ne a daren murna. An ba Vikram Landan, ya tara 'yan uwa da abokan aiki a gidansa ana liyafa. Ana cikin haka aka kira shi a waya aka ce muƙamin ba yadda ya zata ba ne, za a ɗora wani a kansa. Ya harzuƙa ya nufi wani na gaba da shi a ofis, mai suna Rajhans, suka fara cacar baki a tsakiyar mutane. Amrita ta zo tana jan hannunsa don ta raba, ya juyo ya wanka mata mari. Iyayenta na wurin, ƙanenta na wurin, uwar mijinta na wurin, 'yar aikinta na wurin.

Samari, ku tsaya a nan mu yi magana. Da wa Vikram yake faɗa? Da ogansa. Wa ya ɓata masa rai? Kamfani. To me ya sa hannun bai sauka a fuskar Rajhans ba, ga shi tsaye a gabansa? Za ku riƙa jin maza suna cewa zuciya ce ta ɗebe ni, ban san lokacin da na yi ba, sharrin shaiɗan ne. Ku binciki zuciyar nan da kyau, za ku tarar ta san wanda take zaɓa. Ba ta ɗiban mutum ya mari soja a shingen bincike, ba ta ɗibarsa ya mari mai gidan haya ko wanda ke biyansa albashi. Tana jira ne sai an zo kan wanda aka tabbata ba zai rama ba, kuma ba abin da zai biyo baya. Tun kafin daren nan akwai wani lissafi kwance a ran Vikram, wanda shi ma bai taɓa furta shi ba, cewa wannan matar tawa ce, a kanta zan iya. Wannan lissafin nake so kowane ɗayanku ya nema a ransa tun yana saurayi, tun a yadda yake magana da ƙannensa mata idan ya dawo gida ransa a ɓace.

Abin da ya fi marin ciwo shi ne abin da ya biyo baya. A daren, uwar mijin ta shigo ta ce wa Amrita ta fito, akwai baƙi, me za su ce. Da gari ya waye tambayar da ta yi ita ce ko Vikram ya samu barci sosai. Shi kuwa gogan ya zo yana bayani: ransa ne ya ɓaci, shekaru ya kwashe yana yi wa kamfanin nan bauta, yanzu me mutane za su ɗauke shi, shi fa ba zai zauna a inda ba a san darajarsa ba. Yana faɗin wannan magana ta ƙarshe a gaban matar da ya mara jiya, bai ji abin da bakinsa yake faɗa ba. Amrita ta ji. Ta ci gaba da tashi da asuba, madara, shayi, awon suga, walat, sai dai yanzu fuskar ta mutu, kuma da kuka kalli safiyar farko da haƙuri za ku ga bambancin ba tare da an gaya muku ba. Wannan ita ce ribar fim mai tafiyar hawainiya: yana koya wa ido ganin abin da ba a faɗa da baki.

Ya fita da ita cin abinci, ya sayo mata kayan ado masu tsada, ya ce a manta a wuce wurin. Abu ɗaya ne bai yi ba, bai ce na yi laifi ki yafe mini ba. Kuma a ganina duk fim ɗin a kan wannan giɓin aka gina shi. Mu ma mun iya irin wannan ba da haƙurin na Vikram. "Ki yi haƙuri, amma ke ma kin san halina." "To ai ya wuce, sai a yi ta maimaita magana ɗaya?" Ko a shigo da leda, atamfa ko tsire, a ajiye a gefen gado ba a ce komai ba, a ɗauka an biya. Duk wanda ya sa "amma" a cikin neman afuwa, kansa yake wankewa. Neman afuwa na gaskiya yana da nauyi a baki: ka ambaci abin da ka yi da sunansa, ka yarda ba ka da ikon yin sa, kada ka rataya shi a wuyan ofis ko talauci ko shaiɗan, sannan, wannan shi ne mafi wuya, ka bar wa wadda ka ɓata wa lokacin hucewa, ba kai za ka yanka mata ranar da ciwon zai daina ba. Wanda bai koyi wannan da abokansa da 'yan uwansa ba, ba zai tashi ranar ɗaurin aure ya tsinci kansa ya iya ba.

Amrita ta ce za ta je gidansu ta ɗan huta. Ya bi ta, amma bikon ya koma gardama, domin ya je ne ya ɗauko abinsa, bai je jin ciwonta ba. Daga nan sai ga takardar lauya. A dokar auren mabiya addinin Hindu ta 1955 akwai sashe na 9, wanda ya ba miji ko mata damar zuwa kotu a umarci wanda ya bar gida ba da hujja ba ya dawo. Da wannan Vikram ya nemi matarsa. Lauyar da Amrita ta je wurinta, Netra, da farko ita ma mamaki ta yi: a kan mari ɗaya? Ta ba ta shawarar ta koma ta gyara aurenta. Amrita ta ce ba ta neman dukiyarsa, ba ta son ta ƙulla masa sharri, abin da ta sani kawai shi ne ba ta ƙaunarsa yanzu, kuma ba za ta zauna tana yi masa ƙaryar ƙauna ba. Sai da lauyan Vikram ya fara jera mata ƙazafi, har aka nemi maƙwabciya Shivani ta yi shaidar zur ta ƙi, sannan Amrita ta yarda a shigar da maganar dukan, abin da Indiya ta yi wa doka ta musamman tun 2005. Ana cikin wannan ta gano tana da ciki.

Wani abin da zai ba ku mamaki, ko kuma ba zai ba ku ba, shi ne yawancin masu cewa ta yi haƙuri mata ne. Mahaifiyarta ta ce mace ita ke riƙe gida, dole ta koyi danne zuciya. Uwar mijinta ta ce haka. Ba don mugunta suke faɗa ba, abin da aka gaya musu ne, su ma suka haɗiye nasu suka rayu. Babban binciken lafiyar iyali da gwamnatin Indiya ta yi tsakanin 2019 da 2021 ya nuna kusan mace ɗaya cikin uku da suka taɓa aure ta gamu da cin zarafi daga miji, kuma kimanin kashi 45 cikin 100 na mata, da kashi 44 na maza, suna ganin akwai dalilin da zai sa miji ya doki matarsa ya zama daidai. Ku lura, matan sun ɗan fi mazan yawa.

Ni ban raina haƙuri ba, kuma kada ku raina shi. Babu auren da zai kai shekara ba tare da shi ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki haƙurin gida gaba ɗaya a ɗora wa mutum ɗaya, ɗayan kuma ko tambayarsa ba a yi. A wani zama na addu'a da dangin Vikram suka shirya saboda cikin, Amrita ta gaya wa surukarta abin da ya fi ƙona mata rai: a cikin duk waɗanda suka ga abin da ya faru, babu wanda ya dubi Vikram ya ce ka yi kuskure. Tsohuwar ta amsa cewa laifin nasu ne su iyaye, da suka koya wa 'ya'ya mata jurewa, ba su koya wa 'ya'ya maza cewa ba su da ikon ɗaga hannu ba. Wannan wurin ya fi ko'ina taɓa ni, domin babu wanda ya ɗaga murya, mata biyu ne da suke son juna suna gaya wa juna gaskiya a makare.

Mahaifin Amrita, wanda Kumud Mishra ya fito a matsayinsa, shi ne mutumin da kowa zai so a fim ɗin. Ya tsaya wa 'yarsa, bai tura ta ta koma dole ba. Da ɗansa Karan ya daka wa budurwarsa Swati tsawa don ta goyi bayan Amrita, tsohon ya tsaya kai da fata sai ya ba ta haƙuri. Amma shi ma fim ɗin bai ƙyale shi ba. Wata rana matarsa ta tuna masa cewa tana da muryar waƙa kafin aure, ta bari don ta riƙe gida, kuma ko da yake bai taɓa hana ta ba, bai taɓa tambayarta me ya sa ta daina ba. Dattijon kirki, mai taushin hali, ya yi shekara da shekaru da mace bai lura da abin da ta binne ba. Ina so masu ganin kansu salihai a cikinku su riƙe wannan. Rashin duka bai isa a ce ka iya zama da mace ba.

Dalilin da ya sa na zaɓo muku fim ɗin Indiya shi ne kun taso a cikin finafinan Indiya, kamar yadda iyayenku suka taso suna kallonsu a gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos, yanzu kuma ga su a wayoyinku da fassarar Hausa. Kuma da yawa daga cikinsu sun koya mana wani karatu na soyayya mai haɗari. A Tere Naam na 2003, wanda samari suka yi ta kwaikwayon askin Salman Khan na ciki, jarumin sace yarinyar ya yi ya tsare ta yana yi mata barazana, daga baya aka nuna ta faɗa sonsa. A Kabir Singh na 2019 jarumin ya mari budurwarsa, fim ɗin ya zama cikin waɗanda suka fi kawo kuɗi a shekarar, kuma daraktansa Sandeep Reddy Vanga ya fito a wata hira yana kare abin, yana nuna cewa shi bai ga soyayya ba a inda masoya ba su da 'yancin marin juna. Watanni kaɗan bayan haka Thappad ya fito, shi ya sa mutane da yawa suka riƙa auna su biyun.

'Yan mata, wannan karatun ku ya fi cuta. An sa muku a rai cewa saurayin da ke kishi har ya fita hayyacinsa shi ne mai so na gaske. Yana karɓar wayarki ya bincika, yana kira sau goma ya ji ina kike, yana raba ki da ƙawayenki ɗaya bayan ɗaya, yana zaginki yau gobe ya zo da kuka da turare, ke kuma kina gaya wa ƙawarki wai ba ya iya rayuwa sai da ke. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ki lura da yadda yake magana da yaron shago da ɗan acaɓa, da yadda yake yi idan kika ce a'a a kan ƙaramin abu, da ko ya taɓa cewa na yi kuskure ba tare da an matsa masa ba. Ki gaya masa abin da kike so ki zama, karatu ne ko sana'a, ki ga ko zai tuna da shi bayan mako biyu. Amrita ta iya rawar gargajiyarsu, da ta so da ta yi nisa a ciki, ita da kanta ta zaɓi zaman gida, kuma fim ɗin bai raina wannan zaɓin ba ko kaɗan, ni ma ban raina ba. Kuskuren da aka yi shi ne an karɓi hidimarta kamar ruwan famfo, ita ma ta saba da hakan har ta daina tambayar kanta me take so.

Na san tambayar da ke bakin wasunku: a kashe aure, ga ciki, a kan mari ɗaya? A Indiya ma an yi wannan muhawara sosai. Ra'ayina shi ne auren nan yana da ceto a kwanakin farko, kuma Vikram ne ya bar damar ta wuce, danginsa suka taya shi. Da ya durƙusa a daren nan, a gaban waɗanda ya kunyata ta a gabansu, da wataƙila labarin ya canza. Sai a ƙarshe, a harabar kotu, ranar da za su rabu bisa yardar juna, ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa tun farko, cewa ba shi da ikon yin abin da ya yi, kuma bai taɓa neman gafararta ba. Ya faɗa da gaske, amma zuciyar da yake nema ta riga ta rufe. Ba ina gaya muku duk wadda aka mara ta tattara kayanta ba ne. Kowane gida da yadda yake, kuma sulhu alheri ne idan an yi shi bisa gaskiya. Mutanen fim ɗin mabiya Hindu ne, da dokarsu da al'adarsu. Mu da muke Musulmi muna da abin da ya fi wannan kusa da mu: Nana A'isha ta ba da shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba, kuma ya hana dukan fuska. Duk saurayin da zai buɗe baki ya kawo hujjar addini a kan duka, ya fara da wannan.

Akwai inda fim ɗin ya gaza, kuma ya kamata ku gani. Amrita tana da uban da zai karɓe ta, da ɗakin da za ta kwana, da babbar lauya. 'Yar aikinta Sunita, wadda Geetika Vidya Ohlyan ta fito a matsayinta, mijinta dukanta yake yi kusan kullum, yana goranta mata rashin haihuwa, ta zo aiki da safe tana ba da labarin tana dariya domin ba ta da wani abin yi da shi. Ta taɓa faɗin abin da take tsoro: idan wata rana ya kulle ƙofa ya bar ta a waje, ina za ta? Daraktan ya ba ta ɗan lokaci kaɗan, ya sallame ta da fage guda inda ta rama dukan, kamar hakan ya warware matsalar. Bai warware ba. Masu irin halin Sunita sun fi masu irin halin Amrita yawa nesa ba kusa ba, a Delhi da ko'ina, kuma abin da ya raba su biyun shi ne wurin zuwa.

Yawancinku kafin ku zama miji ko mata za ku zama wa, ko ƙane, ko ya, ko aminiyar wata. Wata rana 'yar uwarku za ta shigo gida da akwati da kumburarren ido, manya su fara cewa ta koma ɗakinta kafin duniya ta ji. Ku ne za ku ce a bari ta zauna ta sha ruwa, a ji daga bakinta tukuna. Idan akwai rauni a kai ta asibiti a rubuta. Idan za a yi zaman sulhu, a kira mijin da waliyyansa a tambaye shi abin da ya yi, da bakinsa, a gaban mutane, kafin a tambaye ta yaushe za ta koma. Idan kuma abin ya zama jiki, yau mari gobe bel, to ya wuce maganar cikin gida, akwai alƙali, kuma raka ta gabansa aikin ɗan uwa ne.